Ayarin Motoci a Duwatsun Mowab

Yayana ya daɗe yana gyaran mota a Salt Lake City, babban birnin jihar Yuta ta Amurka. Tun da ya sayi wata tsohuwar Jeep Wrangler ya ɗaga mata ƙafafu ya sa mata manyan tayoyi, ba shi da hira a waya sai ta garin Mowab. Da na kai masa ziyara bayan Ƙaramar Sallar 2025, na tarar har ya rubuta sunana a matsayin fasinjansa a taron Easter Jeep Safari, wanda masu motocin hawa dutse suke yi duk shekara a makon bikin Ista. Bai nemi shawarata ba. Cewa ya yi kawai, "Ka nemi takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi, jibi da asuba za mu kama hanya."

Tafiyar kusan awa huɗu ce, kilomita 370 da 'yan kai. Muka haura tsaunukan da har lokacin akwai sauran dusar ƙanƙara a kansu, muka gangara ta Price, garin masu haƙar gawayi, muka wuce Green River, sannan a Crescent Junction muka karya kudu. Daga nan ƙasa ta fara sauya launi. Toka-toka ta koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya koma ja jawur, duwatsu suka miƙe tsaye dama da hagu. Motocin da ke gabanmu da na bayanmu kusan duk iri ɗaya ne, wasu da ƙafarsu suke tafe, wasu an ɗora su a tirela, lambobinsu na jihohi daban-daban har da na Kanada.

Mowab ƙaramin gari ne a bakin kogin Kolorado, mazaunansa ba su wuce dubu biyar da ɗoriya ba. A wannan mako kuwa, wurin ajiye mota ma sai an sha wuya. 'Yan kasuwar garin ne suka ƙirƙiro taron a 1967 don su jawo baƙi, lokacin yini ɗaya ne kacal, hanya ɗaya kuma, wadda ake kira Behind the Rocks. A shekarun 1980 ƙungiyar Red Rock 4-Wheelers ta karɓi ragamarsa, yau ya zama kwana tara, hanyoyi kusan 40, kowace da lambar wahalarta daga 1 zuwa 10. 'Yan ƙungiyar da ke jagorantar tafiye-tafiyen 'yan sa-kai ne. Ƙasar da ake bi yawancinta ta gwamnatin tarayya ce, don haka sai da izinin hukumar kula da filaye ta BLM, kuma kowace hanya akwai adadin motocin da ba a wucewa. Mun karɓi takardunmu a filin Old Spanish Trail Arena da ke kudancin garin. Yaya ya zaɓa mana Hell's Revenge, mai lamba 6.

Tsammanin da na zo da shi shi ne na gudu da ƙura da ruri. Abin da na fara gani da safe shi ne mutane a durƙushe kowa gaban tayarsa yana sace iska. Yaya ya miƙo mini abin awo ya ce in sauke kowace taya daga 36 zuwa 15. Na ce, "Yaya, ba za ta fita daga kan rim ba?" Ya ce in dai ba a wuce nan ba babu komai. Tayar da ta cika tim da iska ɗan wuri kaɗan take taɓawa a jikin dutse, sai ta riƙa tsalle tana sulɓi. Idan aka rage mata iska sai ta baje, ta lanƙwashe ta rungumi duk abin da ta taka. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance wani ƙarfe da ke riƙe ƙafafun gaba su tafi tare a kan kwalta, domin a dutse so ake kowace ƙafa ta yi sama ko ƙasa ita kaɗai.

Sannan jagoran tafiya ya tara mu. Dattijo ne mai furfura, fatarsa duk rana ta gasa ta. Ya faɗi tashar da za mu kama a rediyon oba-oba, ya ce babu barasa a hanya, kowa ya ɗaura bel, kada wanda ya fitar da hannu waje don tare mota idan ta karkata, kada taya ta sauka daga hanyar da aka shata. Dokar da ya fi maimaitawa ita ce: kowane direba motar da ke bayansa ce a wuyansa. In ka duba madubi ba ka gan ta ba, ka tsaya. In ka tsaya, na gabanka zai rasa ka shi ma ya tsaya, a haka har saƙon ya isa gaba ba tare da kowa ya yi magana ba. Shi yana gaba, akwai mataimaki a tsakiya, akwai wani a can ƙarshe wanda ba ya wuce kowa komai daren daɗewa. Ina saurarensa sai labarin da kakanmu yake ba mu na fataken Gwanja ya faɗo mini, ayari da madugunsa da jagabansa, da waɗanda aikinsu shi ne su tabbatar ba a bar jakin kowa a baya ba. Tsarin ke nan sak, sai dai su waɗannan ba goro suka fito nema ba.

Hell's Revenge tana cikin yankin Sand Flats, gabas da gari, tsawonta bai fi kilomita 10 da rabi ba. Mu yini muka yi a kanta. Ba ta yi wa baƙo sannu da zuwa. Kana barin wurin taruwa sai ga wani doron dutse siriri ya miƙe sama, faɗinsa kaɗan ya fi na mota, hagu rami dama rami. Yaya ya sa ƙaramar giya mai jan ƙafa huɗu, wadda ke rage gudu ta ninka ƙarfi, ya ɗora ƙafa a totur a hankali. Gaban motar ya ɗaga har dutsen ya ɓace mini, babu abin da nake gani ta gilashi sai sama. Na riƙe ƙarfen da ke gabana ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Motar kuwa ko gezau, tafiya take ɗaka-ɗaka, a saurin da mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ta.

Da muka kai sama na ga dalili. Dutsen nan ba santsi gare shi ba ko kaɗan. Na sauka na shafa shi, kaushi ne da shi, tsabar rairayi na gogar tafin hannu. Masana sun ce shekaru wajen miliyan 180 da suka wuce duk wannan yanki hamada ce mai tuddan rairayi, daga baya rairayin ya daskare ya zama dutse. Har yanzu siffar tuddan tana nan, ga layukan da iska ta jera rairayin ɗaya bisa ɗaya a karkace. Wanda ya taɓa ganin tuddan rairayin arewacin Nijar zai gane su da kallo ɗaya. Kusa da farkon hanyar ma akwai sawun dabbobin dinoso a jikin dutse, an kewaye wurin don kada a taka. Roba na kama wannan dutse sosai, shi ya sa mota ke hawa gangaren da mutum sai ya haɗa da hannu. Babu hanya a ma'anar da muka sani. Baƙin sawun taya ne kwance a kan jan falalen dutse, sai alamun fenti jefi-jefi, suna hawa tudu suna gangarawa har iyakar gani. Can gabas kuma tsaunukan La Sal ne fari fat da ƙanƙara, mafi tsayinsu ya haura mita 3,800.

Gangara ta fi hawa tayar mini da hankali. Nan bel ne kaɗai ke riƙe da kai, ƙasa na kallonka ta gilashi. Na lura Yaya ba ya danne birki, giyar yake bari ta riƙe motar, yana ɗan taɓa birkin kawai. Ya ce tayar da ta daina juyawa ta daina jin sitiyari, daga nan kuma sai yadda Allah ya yi.

Wajen hantsi muka isa Hell's Gate. Wani tsagi ne a jikin dutse, mai tsayi, ƙasansa matsattse, bangayensa biyu sun buɗe sama. Mota ba ta taka ƙasan tsagin, tayoyin hagu na kan bango ɗaya, na dama na kan ɗayan, cikinta na rataye a tsakiya. In ta karkata kaɗan, ƙafa ɗaya ta hau sama ɗaya ta zurma, sai ta kwanta a gefe ko ta wuntsila baya. Ba dole ba ne a bi ta nan, akwai hanyar kewaye. Jagora ya ce wanda yake so ya jera, wanda ba ya so ya zo ya yi kallo. Fiye da rabin ayarin suka ajiye motocinsu, cikinsu har da wani mai sabuwar mota da ta fi ta kowa kayan aiki. Na zuba ido in ga ko wani zai yi masa dariya ko ya zuga shi. Babu wanda ya yi. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin na san wuraren da ake tura matashi ga halaka da kalmar "kai ba namiji ba ne".

Yaya ya jera. Ya ce in sauka, fasinja ba shi da amfani a nan. Na hau gefe na tsaya inda nake ganin komai.

A nan na fahimci abin da ya tara mutanen nan. Direban da ke cikin tsagin ba ya ganin tayoyinsa, ba ya ganin dutsen, sama kawai yake gani da hannun mutum ɗaya da ke tsaye a can bisa. Wata mata ce ta karɓi wannan aiki, mataimakiyar da ke tsakiyar ayari, shekarunta za su kai sittin. Kafin a fara ta juyo ta ce wa 'yan kallo kowa ya yi shiru, murya ɗaya direba zai saurara. Ba ta cewa hagu ko dama, don hagunta damansa ne, sai dai ta ce ɓangaren direba ko ɓangaren fasinja, ta nuna da yatsa. In ta dunƙule hannu, tsayawa ke nan nan take. Yaya ya kunna makullin ƙafafu, abin da ke tilasta tayoyin biyu su juya tare ko da ɗaya na lilo a iska, ya fara hawa. A tsakiyar tsagin tayar gaba ta ɓangaren fasinja ta rabu da dutse, ta yi sama har ana hango cikin motar. Zuciyata ta yanke. Daga inda nake, gani nake in ya juya sitiyari ɗaya ɓangaren zai tsira. Matar ta nuna masa akasin haka. Ya bi hannunta, bai yi gardama ba, bai ƙara wuta ba. Tayar ta sauko a hankali ta kama bango, motar ta daidaita ta fito.

Mutumin nan na san shi tun ina yaro, ba a faɗa masa yadda zai yi da mota. Da na tambaye shi daga baya, ya ce, "Ƙanena, ita tana ganin abin da ba na gani. In zan yi mata musu, me ya kai ni shiga?" Matar da bai taɓa gani ba sai ran nan, bai san sunan garinsu ba, ya miƙa mata motarsa da wuyansa na minti biyu, ita kuma ta riƙe amanar. Ni a wurina wannan ya fi hawan kansa girma.

Mun ci abincin rana a wani wuri da ke kallon kogin Kolorado daga sama, ruwan na can ƙasa launin ƙasa-ƙasa yana lanƙwasa tsakanin jajayen bangaye. Kowa ya buɗe bayan motarsa, aka yi ta miƙa wa juna abin da aka zo da shi. Mu dambun nama muka fitar, kafin a jima robar ta koma wayam. Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan jarka. Alƙibla daga can arewa maso gabas take. Na nufi wani fili mai laushi tsakanin duwatsu zan shimfiɗa darduma, Yaya ya nuna mini falalen dutse ya ce a nan za mu yi. Bayan mun sallame ya kai ni bakin filin ya ce in duba da kyau. Saman ƙasar baƙi-baƙi ne, ya yi ƙuraje-ƙuraje. Ashe ɓawo ne mai rai, wasu ƙananan halittu da gansakuka ne suka saƙa shi, shi ke riƙe rairayi kada iska ta kwashe, shi ke tsare danshi, shi ke ba tsirrai abinci. Taku ɗaya na ƙafa ko na taya yana rusa abin da zai ɗauki shekaru gommai kafin ya dawo. Dalilin dokar kada taya ta bar hanya ke nan.

Jagoran ya zo ya zauna kusa da mu, ya tambayi daga ina muke, hira ta yi nisa. Ya ce yawancin hanyoyin da ake bi a kewayen Mowab masu neman yuraniyom ne suka fasa su. A 1952 wani mai suna Charlie Steen ya tono babbar jijiyar ma'adinin kudu da garin, lokacin gwamnatin Amurka na sayensa ido rufe saboda makaman nukiliya. Mutane suka kwararo, kowa da tsohuwar jif ɗinsa da na'urar gano ma'adini, buldoza ta shiga kowane kwazazzabo. Da kasuwar ta mutu aka watse, aka bar hanyoyin, aka kuma bar tulin dusar ma'adinin, wajen tan miliyan 16, a bakin kogi. A 2009 aka fara kwashe shi a jirgin ƙasa zuwa Crescent Junction. Na gaya masa mu ma muna da Arlit a Nijar, da hanyar da aka yi mata daga Tawa saboda wannan ma'adini. Ya jinjina kai ya ce ashe ciwon ɗaya ne.

Daga nan maganar ta gangaro kan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. A 2023 hukumar BLM ta rufe hanyoyi masu tsawon mil 317, sama da kilomita 500, a yankin Labyrinth Rims da Gemini Bridges da ke arewa maso yammacin garin. Masu kare muhalli sun yi murna, sun ce namun daji da bakin kogin Green za su huta da ƙarar inji. Masu motoci sun ce an hana tsofaffi da naƙasassu isa wuraren da ba za su iya zuwa da ƙafa ba, har magana ta kai kotu. Ransa a ɓace yake da rufewar, kuma na fahimce shi, domin na ga yadda shi da mutanensa suke tsince ko da murfin kwalba suna jefawa a buhun da ke rataye bayan mota. Amma ba kowa ne ke shiga dajin nan a ayari ba, ba kowa ke da jagora mai tsawatarwa ba. A hanya na ga sawun taya da ya ratsa ta tsakiyar ɓawon nan mai rai, an yi kwana a kansa don nishaɗi kawai. Ni da na taso inda ake nuna maka fako a ce a da kurmi ne, ba zan iya cewa kuskure ne a bar wani yanki ya huta ba. Na faɗa masa haka. Bai yarda ba, amma ya saurara har na gama.

Da la'asar, saura kaɗan mu fita, oba-oba ta yi ƙara: mota ta lalace a baya. Ayarin gaba ɗaya ya tsaya. Wani saurayi ne da matarsa da ƙaramar 'yarsu, wannan ne zuwansu na farko. Ya daki dutse, sandar da ke haɗa ƙafafun gaba da sitiyari, wadda bakanikai ke ce wa tayarod, ta lanƙwashe, tayoyin gaba kowace ta kalli nata wajen. Babu motar janwe da za ta iya shigowa nan. Fuskarsa ta nuna yana jin kunyar tsayar da mutane, sai haƙuri yake ta bayarwa.

Babu wanda ya tsaya sauraren haƙurin. Kafin ya rufe baki an baje akwatunan sifana a kan dutse. Yaya ya cire rigar sanyinsa ya kwanta ƙarƙashin motar. A Ƙofar Ruwa ta Kano ya koyi aiki, inda ba a jefar da ƙarfe don ya lanƙwashe, kuma ran nan na ga amfanin wannan tarbiyya. Ya sa wata mota ta tsaya daidai gaba, aka zaro igiyar na'urar ja da ke jikin bambarta aka ɗaura a tsakiyar sandar, aka yafa bargo a kan igiyar saboda ko ta tsinke kada ta yi bulala, kowa ya ja baya. Yana ɗaga hannu ana ja kaɗan-kaɗan har sandar ta miƙe. Ƙarfen da ya taɓa lanƙwasa ba ya ƙara ƙarfi, don haka ya kwance kai ɗaya, ya karɓi hannun babban jak, wanda bututu ne, ya zura sandar a ciki ya mayar ya ɗaure. Wani ya riƙe fitila, wani ya miƙa sifana, matar da ta yi wa Yaya jagora a tsagi ta ɗauki yarinyar tana ba ta lemo. Aikin ya ci fiye da awa ɗaya. Mutane da dama suna da alƙawarin cin abinci a gari, wasu da nisa za su koma masauki, amma ban ji wanda ya ce a bar su da na ƙarshe mu mu wuce ba. Aka sa motar saurayin a bayan jagora, aka rage tafiyar da dama can a hankali take, muka fito kwalta bayan magariba.

A bakin hanya kowa ya kunna ɗan injin hura iska ya mayar wa tayoyinsa abin da ya sace da safe. Saurayin ya zo ya ciro kuɗi zai ba Yaya. Yaya ya ce ya mayar aljihu, ya je ya sayi sabuwar sanda gobe kafin ya hau babban titi, hannun jak ɗin kuma ya mayar wa mai shi.

Ranar Asabar ta ƙarshe ita ce babbar rana. Ayarori duka suna jeruwa a tsakiyar gari da safe, a tare babban titi, sannan su fita lokaci guda kowanne ya nufi hanyarsa, mutanen gari na tsaye a gefe da 'ya'yansu suna ɗaga hannu. Mu ran nan hanya mai sauƙi muka bi, Chicken Corners, mai lamba 2, wadda ke bin gefen kogi. A wani shimfiɗaɗɗen wuri Yaya ya tsaya ya sauka, ya zagayo ta ɓangarena ya buɗe ƙofa ya ce in koma sitiyari. Ya taka zuwa gaban motar, ya juyo ya fuskance ni ya ɗaga hannu.

"Kada ka kalli dutsen," in ji shi. "Ni za ka kalla. Sa ƙaramar giya, ka taho."